Allon talla a shagon yadi: tele ta gida za ta jure ranar Maradi?

Mai Yadi, Sabon Gari:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar tele da lantarki.

Shagon yadi gare ni nan Maradi, bakin titi, wajen Sabon Gari. Shadda nake sayarwa da atamfa da leshi da yadin maza, sannan akwai teloli a ɗakin baya masu ɗinka wa wanda ya saya. Abin da ke damuna shi ne kayan duk a ninke suke bisa kanta. Shadda kuwa in tana ninke ba ta nuna kyanta, sai an warware ta an ɗaga, ko a gan ta ɗinke jikin mutum. Yaran shago wuni suke suna saukewa suna ninkewa, har fararen su fara ɗaukar dauɗar hannu, ga wanda zai sa a sauke masa turmi goma ƙarshe ya ce zai dawo.

A Kano da Yamai na ga shaguna sun kafa allo mai haske yana nuna kaya ɗaya bayan ɗaya, da ɗinki da farashi, mai wucewa bisa babur ma sai ya waiga. Shi nake so in yi kafin azumi, kasuwar Sallah ta same ni da shi. Na tambaya, an ba ni hanya uku. Ta farko tele ta gida mai inci 55, an yi mini kuɗinta jikka 230 a kasuwa, in sa mata kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin tele, ta dinga juya hotuna. Ta biyu wani abokina mai zuwa Dubai ya ce akwai wadda aka ƙera don talla kawai, amma kuɗinta ya ninka na waccan har da ɗoriya tun kafin a zo maganar jirgi da duwan. Ta uku allon nan na jan rubutu mai gudu, irin wanda ake gani ƙofar farmasi.

Ga yanayin wurin. Ƙofar shagon yamma take kallo, daga bayan azahar rana na dukan baranda har dab da magariba. Ina buɗewa ƙarfe 8 na safe in rufe 10 na dare, goman ƙarshe na azumi kuwa sai ƙarfe 1 ta gota. So nake in rataye shi a baranda inda masu wucewa za su gani. Kuran kuma, wato wutar lantarki, kun san halin da ake shiga in zafi ya kama. To tele ta gida za ta jure, ko zubar da kuɗi zan yi? Wanda ya taɓa gwadawa don Allah ya gaya mini tsakani da Allah.

Mai Gyaran Tele, Ɗan Gulbi:

Wa alaikumus salam Alhaji. Sana'ata ke nan, kuma irin wadda kake shirin ratayewa a baranda su suka fi cika mini benci daga Afrilu zuwa Yuni. Ba zan ɓoye maka ba, a barandar da ke kallon yamma tele ta gida ba za ta yi ba. Amma kada ka yi saurin tura kuɗi Dubai tukuna, ka ji sauran.

Mu fara da haske. Ana auna hasken fuskar tele da ma'aunin da ake kira nit. Ta gida yawanci tsakanin 250 ne da 350, don an yi ta ne a kalla cikin ɗaki. Na talla na cikin shago suna farawa daga 350 su kai 700. Cikin na Samsung, alal misali, jerin QB 350 ne, QM 500, QH 700. To duk waɗannan, har mai 700 ɗin, in rana ta fuskance su ba abin da za ka gani a gilashin sai inuwarka da ta babura. Wanda zai iya tsayawa gaban rana sai mai 2,500 zuwa sama, shi kuma wani kaya ne daban, kuɗinsa miliyoyi ne, wutar da yake sha ta kai ta tele uku. Don haka ka ce wa abokinka ya turo maka lambar samfurin da yawan nit ɗinsa. A ce maka "na talla ne" bai isa ba. Galibinsu na talla ne, amma na cikin kanti mai sanyi irin na can.

Sai zafi, wanda shi ya fi kashe su a garin nan. Buɗe takardar kusan kowace tele, za ka ga an rubuta kada zafin wurin da take aiki ya wuce digiri 40. Mu kuwa a Afrilu da Mayu cikin inuwa ma ana wuce 40, balle baƙin gilashin da rana ke duka tun azahar. In ya ɗauki zafi fiye da kima sai ka ga baƙin tabo ya fito yana faɗaɗa, sinadarin da ke tsakanin gilasan ne ya daina aiki. Da farko in ya huce yakan koma daidai, in abin ya yawaita sai ya zauna. Gilashi kuma ba ya gyaruwa, canza shi ake, kuɗinsa kusan na sabuwar tele. Bayan gilashin akwai ƙananan ƙwayayen fitila a jere, su ke ba da haske. Mai shago in ya ga hoto ya dushe da rana sai ya ƙure haske zuwa 100, ƙwayayen su yi ta ƙonewa, wata rana a kunna a ji murya babu hoto. Wannan muna gyarawa, amma in aka mayar da ita inda ta fito ba ta daɗewa sai a sake kawo mana ita. Wallahi ba na jin daɗin karɓar kuɗin mutum sau biyu kan ciwo ɗaya.

Akwai kuma tsawon aiki. Na talla ana rubuta musu 16/7 ko 24/7, wato awa 16 ko 24 kullum har kwana bakwai na mako. Ta gida ba a yi ta don haka ba, shi ya sa kamfanoni da yawa ke rubutawa cewa garanti ba ya aiki in a wurin kasuwanci aka kafa ta. Kai awa 14 kake buɗe. Kamar ɗora wa kabu-kabu lodin a-kori-kura ne, zai tafi amma ba zai kai ko'ina ba.

Shawarata, ka cire baranda daga lissafi, ka shigar da ita ciki. Kafin ka huda bango ka tsaya wajen ƙarfe 5 na yamma ka ga iyakar inda rana ke shigowa, ka ja layi da alli, ka ƙara mita ɗaya bayan layin, don rana tana sauya gefe tsakanin hunturu da damina. Bangon gefe ya fi wanda ke kallon ƙofa, saboda ƙyallin waje. Ka sayi ƙarfen ratayewa mai hannu, wanda ake iya juyawa. Da rana ta kalli masu shigowa, in an yi magariba a juyo ta wajen titi. Da dare allon da ke cikin shago ana hango shi tun daga tsallake, kuma kasuwar Sallah ai ta dare ce.

In a ciki take, tele ta gida mai kyau za ta yi maka shekaru, muddin an kiyaye ta. A bar haske a 60 ko 70. A bar tazarar santimita 10 tsakaninta da bango. Kada a kulle ta cikin akwatin gilashi wai don ƙura, mutane na yin haka sai zafinta ya rasa mafita. Lokacin hunturu a hure ramukan bayanta kowane mako, fuskar kuma a goge da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a fesa ruwa. Tsakanin azahar da la'asar, da kasuwa ta lafa, a kashe ta ta huta.

Na san masu yadi suna son tsayar da ita a tsaye, hoton mutum cikin babbar riga ya fito tun daga hula har takalmi. Na talla an yi su da haka. Ta gida ramukan shan iskarta sama da ƙasa suke, in ka tsayar da ita zafi gefe guda zai taru. Bar ta a kwance ka raba fuskar biyu, rabi yadi rabi ɗinki.

Hajiya Mai Abinci, unguwar Zariya, Maradi:

Alhaji sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Malam mai gyara ya gama maganar ƙarfe, ni ta abin da za a zuba ciki zan yi, don nan na ga mutane ke sakaci.

Gidan abinci gare ni, na kafa mai inci 43 sama da kanta, ta gida ce, a ciki take, kuma lafiya lau take aiki. Da can hayaniya ce ta ishe ni, wannan ya ce akwai dambu, wancan ya ce nawa faranti, yara suna amsa mutum biyar lokaci guda. Yanzu mutum na shigowa ya ɗaga kai ya zaɓa. Sai dai aiki ne na kullum. In dambu ya ƙare da rana, ɗiyata nan take take cire shi. In buhun shinkafa ya tashi na ƙara dala ashirin a faranti, a daren ake gyarawa. Akwai shagunan da allonsu ke cewa barka da Sallah har Maulidi ya zo, kuma wanda ya ga haka ba zai ƙara yarda da abin da ke kai ba. Tun yanzu ka ware yaro guda cikin yaranka ka ce aikinsa ne, ka sa masa rana. Ni da ni ce kai, daren Lahadi da daren Alhamis zan sa, tunda Litinin da Juma'a ne mutanen karkara ke cika gari.

Ba sai da intanet a shago ba. A salula ɗiyata take haɗa mini da manhajar Canva, ta zaɓi girman 1920 da 1080, ta ajiye a matsayin hoto ko bidiyo, a zuba cikin kile a soka. Kowane hoto ya tsaya kamar daƙiƙa 8 zuwa 10, kada su wuce ashirin, in sun yi yawa ba mai tsayawa ya ga ƙarshensu. Rubutu ya zama manya kuma kaɗan. Da yawa cikin masu sayenmu ba su karanta boko ba amma kowa ya san lamba, to hoto da lamba su fi komai girma. In kana da mai rubuta ajami mai kyau, ka sa layi ɗaya, dattawa za su ji daɗi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, wasu salon rubutun ba su da su, sai su fito kamar ƙaramin akwati. A duba kafin a ajiye.

Yanzu bari in yi magana a matsayin mai sayen atamfa. Babban abin da zai jawo maka rigima launi ne. Tele takan zo daga kanti a saitin da ke ƙara wa launi ƙarfi, mace ta ga ruwan goro mai kyau a allo, a sauko mata da shi ta ga wani abu daban, ta ce an yaudare ta. Ka mayar da saitin hoto zuwa na sinima ko na daidai, ka ɗauko turmin ka riƙe kusa da allon ka gwada da idonka. Hoton kuma a ɗauka da safe cikin inuwa, ban da filashi, musamman shadda da ke ƙyalli. Kowane yadi a ba shi lamba a allo, lambar nan a manna ta a kanta, mutum ya ce a ba ni lamba 12 an gama, ba sai an sauke goma ba.

Hoton mutane kuwa a yi hattara. Kada tela ya ɗauki hoton matar wani da ta zo gwada ɗinki a wayi gari tana bakin titi. Ko namiji ne sai an tambaye shi. A rataye ɗinkin a hanga a ɗauka, ya wadatar. Kiɗa ma ka kashe shi gaba ɗaya, ka san garinmu, kuma in ana jera sahu a gaban shagonka a kashe allon har a sallame.

Farashi ka sa shi ƙarara. Mu mata da yawa kunyar tambaya muke ji, kada a faɗa mana abin da ya fi ƙarfinmu gaban mutane.

Tsohon Ɗan Kasuwa, Bagalam:

Hajiya ta faɗi gaskiya a komai, amma a farashi ban bi ta ba. Faranti ba a tayawa, yadi kuwa ciniki ne. In ka rubuta kuɗin shadda a allo, maƙwabcinka zai karanta ya rage dala ɗari, kuma mai saye daga abin da ka rubuta zai fara taya ƙasa. Sannan kayanka ba tushensu ɗaya ba. Shaddar Getzner daga Ostiriya take, sefa kuma a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da ƴan kai, to kuɗinta bai cika rawa ba. Na Kantin Kwari kuwa naira suke bi, yau ka saro haka jibi haka. Ni a ganina ka rubuta kuɗin ɗinki, da na atamfar da kowa ya riga ya san kuɗinta, babbar shadda ka nuna kyanta kawai ka bar baki ya yi sauran. Kuma ɗana, kada yaranka su koyi lalaci su riƙa nuna wa mutum allo da yatsa. Mai sayen shadda sai ya taɓa ya murza ya ji nauyinta a hannu.

Mai Sola, Tibiri:

Ranka ya daɗe Alhaji, batun wuta ni zan taɓa. Wutar Maradi da Damagaram daga Nijeriya take shigowa, ta layin Katsina da ke biyowa Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda munka kasance sa'ad da anka yanke ta a Agustan 2023. Duk wanda zai kafa abin da kasuwarshi za ta jingina da shi, ya yi lissafin ranar da babu kuran tun farko.

Lissafin ba wuya. Duba takardar da ke manne bayan tele, an rubuta wat ɗinta. Mu ɗauka mai inci 55 tana shan wat 100, mai 43 kamar 70. Awa 14 sau 100, 1,400 ke nan a wuni, ƙara abin da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta kuran, ke ci ka ce 1,600. Da rana pano na sola ke ɗauke da ita, batir na dare ne. Daga magariba zuwa ƙarfe 1 na azumi kana bukatar kamar 800. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200 a takarda, amma in na jel ne rabi ake sha in ana so ya yi ƙarko, 600 ke nan, bai kai ba. Sai mai amfiya 200, ko lityum mai 100 wanda ake iya sha kusan duka. Pano biyu masu wat 300 sun isa har da rara, in ana wanke su, don ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi sosai. Inbata a sayi mai ba da wuta sumul irin ta kuran, ba ƴar arahar nan mai sa fanka ƙugi ba.

Abin da ke rusa wanga lissafi teloli ne. Dutsen guga ɗaya yana shan wat 1,000 ko fiye, daidai da tele goma. Ranar da anka ɗauke wuta suna da ɗinkin Sallah a hannu, sai sun jona shi. Layin tele a ja shi daban, soket guda, a bayan telen inda hannu ba ya kaiwa.

In ba ka shirya sola yanzu ba, aƙalla ka sa regilatar mai daidaita ƙarfin wuta da kuma ƴar na'urar nan mai jinkirta wuta minti uku, irin wadda ake sa wa firigo. Tele ba ta cika mutuwa lokacin ɗaukewa ba, lokacin dawowa ne wutar ke zuwa da ƙarfi. Ƙaramin gurup ma kada a haɗa ta da kekunan ɗinki a kanshi. Damina in hadari ya taso da tsawa, a zare ta daga bango, kashewa da talakomand bai isa ba.

Mai Yadi, Sabon Gari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, na yi yadda ka ce, rana na shigowa kamar mita ɗaya da rabi cikin shago, kuma akwai fili a bangon kudu bayan layin. Abokina ya turo lambar ta Dubai, nit 500 ce, ashe ita ma ta ciki ce. Baba na Bagalam na ji, shadda ba zan sa mata kuɗi ba, amma atamfa da ɗinki zan bi Hajiya.

Abin da ya rage mini shi ne waje. Asalin abin da nake so mai wucewa da rana ya san akwai sabon kaya. Allon jan rubutun nan fa, zai iya nuna hoton yadi? Kuma 55 zan ɗauka ko 43? Faɗin shagon mita huɗu ne.

Ɗan Mokoyo:

Baba Alhaji barka da kasuwa. Ni nake haɗa irin waɗannan allunan, kuma a nan zan ɗan bambanta da Malam mai gyara. Gaskiya ne kasuwar Sallah ta dare ce, amma ɗan Madarunfa ko Gidan Rumji da ya shigo ran Juma'a kafin magariba ya koma. Shi ma ya kamata ƙofar shagon ta yi masa magana, kuma abin da aka yi don rana shi ne allon LED na waje.

Hoton yadi dai ba zai nuna ba. Wanda kake gani ƙofar farmasi P10 ne, wato milimita 10 tsakanin ƙwaya da ƙwaya, mita ɗaya faɗi da tsawo ƙwaya 10,000 ke nan. Tele kuwa ko ba mai 4K ba ce tana da ɗigo sama da miliyan 2. Zanen leshi a P10 dagulewa zai yi. Akwai masu launi duka, P5 da P4, P4 yana da ƙwaya 62,500 a mita, yana nuna hoto in an ba shi tazarar mita huɗu zuwa sama, amma tsada gare shi kuma kowace mita tana shan wat ɗaruruwa. Ga shago ɗaya ban ba ka shawara ba.

Na rubutun ka yi. Guntu-guntu yake zuwa, kowane santimita 32 da 16. Jera shida a faɗi, biyu a tsawo, ka samu santimita 192 da 32, daidai saman ƙofa. Yana aiki da bolt 5, akwatin wuta mai amfiya 40 guda biyu zai ɗauke shi ba tare da ya yi zafi ba. Katin da ke sarrafa shi a sa mai wifi, irin na Huidu, sai ka canza rubutu daga salularka da manhajar LedArt, ba ya cin kuɗin intanet don katin ne ke ba da nasa wifi. Ranar da aka kafa ka canza lambar sirrin da ya zo da ita, duk iri ɗaya suke zuwa da ita, wanda ya sani zai iya tsayawa a tsallake ya rubuta abin da ya ga dama a ƙofarka.

Ka tabbata guntayen na waje ne, masu jure ruwa da ƙura, ana rubuta musu IP65. Akwatin ƙarfen mai walda ya rufe samansa da kyau, ya bar ramukan iska ta ƙasa. Rubutu kada ya wuce kalma shida ko bakwai, kuma kada ya yi gudu. Mai babur daƙiƙa biyu ko uku gare shi. "Sabuwar Getzner ta iso" ya tsaya cak, sai lambar waya, sai "ana biya ta Nita da Amana" in kana karɓar kuɗi ta waɗannan kamfanonin aika kuɗi. Da dare a saita shi ya rage haske da kansa, don in yana kashe wa masu tuƙi ido maƙwabta za su yi ƙorafi. Kafin a kafa kuma ka biya ta ma'aikatar magajin gari ka tambayi batun harajin talla, kada a zo daga baya.

Mai Gyaran Tele, Ɗan Gulbi:

Ƙanena na Mokoyo ya yi daidai, na yarda da shi, rubutu a waje hoto a ciki.

Alhaji, a shago mai faɗin mita huɗu 43 ta isa. Faɗinta bai kai mita ɗaya ba, kamar santimita 96, ita kuwa 55 ta haura 120, za ta cinye maka wurin kanta. Ga ƙarancin wuta da zafi. Rarar kuɗin ka sa a regilatar da ƙarfen ratayewa. Ta Dubai mai nit 500 kaya ne mai kyau, in kasuwa ta buɗe ka saye ta nan gaba, amma ka tuna in ta lalace kayan gyaranta ba a kasuwar nan suke ba, sai an aiko.

Ranar saye ka tafi da kile ɗinka da hotunan a ciki, kada ka biya sai an gwada gabanka. A sa hotunan ka ga ko suna komawa farko da kansu in sun ƙare, kuma ko akwai alamar da ke tsayawa a kusurwa tana rufe hoto. Sannan a zare ta daga wuta a mayar. Wasu suna tashi da kansu, wasu sai an ɗauki talakomand an sake shiga kile, a garin da ake ɗauke wuta sau da yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ba ta tashi da kanta ba, tambayi ko tana da saitin otal, a nan ake kunna shi. In babu, ƴar akwatin Android a bayanta za ta yi aikin. Ka sa hoto fari fat ka duba tabo, ka sa baƙi ƙirin ka duba ko haske na tsiyaya ta gefe. Ka shiga saiti ka gwada lambar da ke ciki da wadda ke manne a baya, don akwai masu ɗauke da sunan babban kamfani alhali cikinsu ba nasa ba ne. A rubuta maka garanti a takarda da lambar telen, kwalin kuma ka adana shi.

Lambar atamfa da kuɗinta kada su zauna wuri ɗaya a kowane hoto wata da watanni, yakan bar inuwa a gilashi. Yaron da ke haɗawa ya riƙa sauya musu gefe, wannan makon dama, mako mai zuwa hagu.